Kwanson harsashi na alminiyom: me ya sa ba a sake cika shi

Kwanson harsashi shi ne ɓawon da ke riƙe da albarushi da kan harsashi, wanda bindiga ke tofarwa bayan an harba. A ƙasashe irin su Amurka, inda doka ta yarda, mafarauta da masu wasan harbi kan tattara kwanso su sake cika shi don rage kashe kuɗi. Sai dai ba kowane kwanso ne ke jure hakan ba. Na alminiyom don harbi ɗaya kawai aka ƙera shi.

Ire-iren kwanso

Mafi daɗewa shi ne na tagulla, haɗin jan ƙarfe kashi 70 cikin 100 da tutiya kashi 30. Idan albarushi ya kama, tagulla takan buɗe ta manne da cikin bindiga, ta hana iska mai zafi komowa baya, sannan ta ɗan tsuke har a iya fitar da kwanson. Wannan taushi ne ya sa take jure cikawa fiye da sau ɗaya.

Akwai na baƙin ƙarfe mai fenti, wanda aka fi gani a harsasan Kalashnikov ƙirar Rasha da China. Akwai na roba mai gindin ƙarfe, na bindigar farauta kalibar 12. Ita kuwa bindigar gargajiya da ake ɗurawa ta baki ba ta da kwanso sam.

Na alminiyom ya yaɗu ne daga 1981, lokacin da kamfanin CCI na garin Lewiston a jihar Idaho ta Amurka ya fito da harsasan Blazer, galibi na ƙananan bindigogin hannu. Dalilin shi ne araha da rashin nauyi, domin nauyin alminiyom bai wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin tagulla ba. Saboda wannan rashin nauyi ne ma ake yin kwanson harsasan milimita 30 na jirgin yaƙin Amurka A-10 da alminiyom.

Inda haɗarin yake

Duk wanda ya taɓa lanƙwasa gwangwanin lemu sau biyu ko uku ya san yadda yake tsagewa. Haka kwanson alminiyom yake. Harbin farko kan buɗe shi, matse shi don ya koma girmansa kan ƙara gajiyar da shi, tsagar kuma sau da yawa ido ba ya ganinta.

Alminiyom yana narkewa a digiri 660, tagulla kuwa sai ta haura 900. Idan kwanson alminiyom ya tsage a lokacin harbi, iska mai zafi takan bi ta tsagar tana cin ƙarfen, ta lalata cikin bindiga, ta kuma iya fesowa a fuska da hannun mai harbi. Shi ya sa kamfanin ke buga haruffan NR a gindin kwanson, ma'ana ba na sake cikawa ba ne. Abin da za a rage na kuɗi bai kai darajar ido ɗaya ba.

Kwanso a jihar Maraɗi

A Nijar, riƙe bindiga ko harsasai ba tare da izinin hukuma ba laifi ne. Farauta ma tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, kuma tun 1994 aka kafa hukumar CNCCAI mai tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Don haka ga mutumin Zariya, Tibiri ko Jiratawa, tambayar da ta fi kusa ita ce: me zai yi idan ya tsinci kwanso?

Tun da ƴan bindiga suka addabi yankunan Madarunfa da Gidan Runji na bakin iyaka da Najeriya, tsintar kwanso a gona ko a daji ta daina zama abin mamaki. Lambobi da haruffan da ke gindinsa kan nuna masana'antar da ta ƙera shi, a harsasan soja har da shekarar. Da su ne masu bincike ke bin sawun hanyar da makamai suka biyo. Kwanson da aka tsinta a wurin da aka kai hari shaida ne. A bar shi inda yake, a sanar da jandarma ko ƴan sanda, ko a faɗa wa mai gari ya isar.

Idan ya shiga kayan bola

Maƙeran da ke zuba tukwane da ludaya suna narka tsofaffin gwangwanaye da kayan mota na alminiyom, yara kuma su ne ke yawan tsinto musu. A nan haɗari biyu ne. Na farko, harsashin da bai tashi ba yana iya ɓuya cikin tarkace, ya fashe da zarar ya ji wuta. Na biyu shi ne dalma: da ita ake cika kan yawancin harsasai, akwai kuma burbushinta a cikin kwanson da aka harba. Dalma na narkewa a digiri 327, tun kafin alminiyom, sai ta gauraye da shi. Wani bincike da aka buga a 2014 kan tukwanen da ake zubawa da tarkacen alminiyom a Kamaru ya gano dalma na fita daga jikinsu a lokacin girki. Ita kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, kuma illar ba ta gyaruwa.

Saboda haka maƙeri ya tsince tarkacensa kafin ya hura wuta, ya ware duk abin da ya yi kama da harsashi. Iyaye kuma su gargaɗi yara kada su mai da kwanso usur ko abin wasa, kada su buga shi da dutse, kada su jefa shi a murhu.