Lenné na Jamus da Manoman Tsanyawa: Tsokaci Kan Tarihin Tsara Fili da Itatuwa

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai akwai wata sana'a da Hausa ba ta raɗa wa suna ba, wato tsara fili da itatuwa da ruwa da hanyoyi domin ƙawata gari. Wannan maƙala za ta bi rayuwar wani gwanin sana'ar, sa'an nan ta auna aikinsa da abin da manoman ƙasar Tsanyawa suka gada kaka da kakanni.

2.0 Rayuwarsa da Aikinsa

An haifi Peter Joseph Lenné a birnin Bon a 1789, a gidan masu kula da lambunan fada. Bayan ya ƙaro ilmi a Faris da Biyana, sai ya kama aiki a lambunan Sarkin Furusiya da ke Potsdam a 1816. Da shi aka kafa makarantar koyar da aikin lambu a 1823. A 1824 ya tsara wa birnin Magdeburg dandalin shan iska na jama'a, alhali a wancan zamani irin wannan wuri galibi na sarakuna ne. Daga 1833 zuwa 1840 ya sake fasalin Tiergarten, tsohon dajin farautar sarakuna a Balin. An naɗa shi shugaban dukkan lambunan masarautar a 1854, ya rasu a 1866.

Babban burinsa shi ne haɗa kyau da amfani. Bai tsaya ga harabar fada ba. Har gonakin da ke kewayen Potsdam ya yi wa layukan itatuwa da shinge, domin karkara ta zama abin kallo, ta kuma ci gaba da ciyar da mutane.

3.0 Ƙasar Tsanyawa

Lenné yana kan wannan aiki ne lokacin da wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya taso daga Katsina zuwa Kano a farkon 1851. Ya bi ta Kusada da Bichi, wato yankin da Tsanyawa take, ya kuma yaba kyawun gonaki da itatuwan da ya ratsa. Abin da ya gani ba daji ba ne, aikin hannu ne.

Duk itacen da ke tsaye a gonar Bakano zaɓarsa aka yi ranar sassabe. An bar gawo domin yana kaɗe ganye da damina, bai tare wa gero rana, da rani kuma dabbobi su sha inuwarsa su bar taki. An bar ɗorawa saboda kalwar daddawa, kuka saboda miya, tsamiya saboda kunu. An shinge burtali domin shanu su wuce ba tare da ɓarna ba. Binciken da Michael Mortimore ya fara a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1960 ya nuna cewa yawan jama'a bai hana manoman kewayen Kano kiyaye itatuwansu ba. Ashe burin da Lenné ya nema da taswira da kuɗin sarki, manomi ya cim masa da gatari da fartanya.

4.0 Kammalawa

Bambancin yana wajen adanawa. Taswirorin Lenné suna nan, kuma UNESCO ta sa lambunan Potsdam cikin kayan tarihin duniya a 1990. Taswirar Tsanyawa kuwa tana cikin kan dattawa. Tsofaffin ɗorawa suna mutuwa, darbejiya tana maye gurbinsu, masu gawayi kuma ba su tambayar dalilin da ya sa aka bar itace. Ya kamata masu nazarin harshe da al'ada su tattara sunayen itatuwan nan da ka'idojin mallakarsu da na saransu tun masu sanin suna raye, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.