Ƙasa Ta Ƙare, Bisa Ba Ta Ƙare Ba: Tarihin Matsin Ɗaki A Yankin Bakolori

 Yau hirar tamu a kan ɗaki ce. E, ɗakin kwana. Mutum takwas a ciki ɗaya da falo, kowa na kukan gida ya yi kaɗan. To wannan matsin yana da tarihi a yankinmu, maganinsa ma haka.

Gidan Bahaushe na da, tare yake girma da iyali. Zaure a gaba, sai shigifa, sai tsakar gida, ɗakunan mata a kewaye, ga turakar maigida, ga rumbu da madafi. Ɗa ya isa aure? A kwaɓa ƙasa, a yi tubali, a ja masa ɗaki. Wuri ya cika? A matsa da danga gaba.

A 1974 aka fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, aka kammala a 1978. Lokacin muna jihar Sakkwato, don sai 1996 aka ƙirƙiro Zamfara. Tafkin ya cinye gidaje da fadamu a ƙasar Maradun, aka tashi dubban mutane zuwa sababbin matsugunai. Wajen Talata Mafara da Bakura kuma aka karɓi gonaki don tsara noman rani. Rigimar diyya ta yi zafi, manoma suka tare hanyoyi. A watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne.

Ana yawan ba da labarin gonakin, amma ba a cika tambayar yadda aka kwana ba. Kakata mutuniyar wajen Dosara ce, ta ga wannan zamanin. Ta ce da suka tashi, ɗaki ɗaya ya zama na kwana, na ajiya, na karɓar baƙi. Na ce, Kaka, ya kuka yi? Ta ce, "Ɗiyana, ƙasa ta ƙare, bisa ba ta ƙare ba."

Ƙwarya da tukunya a ragaya, a rataye. Kwanonin jere a ɗora su ɗaya kan ɗaya har kusa da rufi. Akwati a ƙarƙashin gadon ƙarfe. Tabarma a shimfiɗa da dare, a naɗe da asuba. Girki, daka da hira duk a tsakar gida, ƙarƙashin rumfa. Samari kuwa zaure ne makwancinsu.

Me ya sa nake tuno wannan? Saboda yau 'yan bindiga sun sake tayar da ƙauyuka, 'yan uwa suna ta sauka a gidajen dangi a Mafara da Maradun. Amma mu matasa, sai mu cika falo da manyan kujerun da ba sa motsi, yara na kwana a tsakaninsu. Wallahi kujera ba ta fi ɗanka ba.

Ga abin da za ka iya yi a makon nan. Kira kafinta ya buga kanta a bango, kaya su hau sama. Rage kujeru, kawo katifar da ake jinginewa da safe. Sa labule ko katako ka raba wa yara maza da mata wurin kwana, wannan mutunci ne, ba ado ba. Kada kaya su toshe taga, kun san yadda sanƙarau ke son cunkoso lokacin zafi. In akwai tsakar gida, yi rumfa.

Wanda kakarsa ke raye, ya je ya tambaye ta yadda suka zauna a 1978, ya kawo mana labari. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allahu.