Tseren Dogayen Benaye: Daga Shikago Zuwa Dubai

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin hasumiyar masallacin Agadas, ko ta Gobarau da ke Katsina, ya ɗaga kai sama, zai lura cewa gindin ginin ya fi samansa kauri nesa ba kusa ba. Magina ba don ado suka yi haka ba. Bango ne ke ɗauke da nauyin duk abin da ke bisansa, saboda haka gwargwadon tsawon da kake nema, gwargwadon kaurin da za ka ba gindi. Wannan doka ba ta ware laka ko dutse ko jan bulo ba, ita ce kuma ta ɗaure hannun magina a duniya baki ɗaya har wajen ƙarshen ƙarni na 19. A birnin Shikago na Amurka akwai wani bene mai suna Monadnock da aka gama a 1891, mai hawa 16, wanda kaurin bangonsa daga ƙasa ya kai ƙafa 6. Da an ƙara masa wasu hawa, da ɗakunan ƙasa sun zama bango zalla, mai gida kuwa ba bango yake ba haya ba.

To, yau ga Burj Khalifa a Dubai mai tsawon mita 828. Ta yaya aka zo nan? Amsar da aka saba ji ita ce kuɗi da son a sani. Akwai su, babu shakka, amma ai Fir'aunan Masar ma suna da su, duk da haka babbar dalar Giza a mita 146 ta tsaya, ita ma tarin dutse ce da kabari a ciki, ba wurin zaman masu rai ba. Abin da ya hana ɗan Adam zama a sama abu uku ne: gajiyar ƙafa, da nauyin bango, da iska. Kowannensu sai da aka sami mutumin da ya zauna ya warware shi, kuma sau da yawa ba sunan wannan mutumin ake liƙa wa ginin ba.

Matsalar ƙafa ita ta fara faɗuwa. Tun da daɗewa akwai injin jan kaya sama da igiya, sai dai ba mai yarda ya shiga, don in igiya ta tsinke shi ke nan. A 1854, a wani bajekoli a Niyu Yok, Elisha Otis ya hau dandamalin liftarsa, aka ɗaga shi a gaban jama'a, ya sa aka datse igiyar. Dandamalin ya ɗan zame kaɗan sai haƙoran birkin da ya ƙirƙiro suka cafke shi. A 1857 aka kafa lifta ta farko mai ɗaukar mutane a wani kanti a birnin. Kafin nan hawan sama na bayi da talakawa ne, shi ya fi araha. Lifta ta juya lamarin, sama ta zama ta masu hannu da shuni.

Nauyin bango kuwa a Shikago aka karya lagonsa. Gobarar watan Oktoba ta 1871 ta cinye gine-gine sama da 17,000 a birnin, aka shiga sake gini gadan-gadan, filin tsakiyar gari ya yi tsada, ƙarfe kuma ya fara araha saboda sabuwar hanyar narka shi da Henry Bessemer ya fito da ita a Ingila. Injiniya William Le Baron Jenney ya gina wa kamfanin inshora na Home Insurance bene mai hawa 10 a 1885, inda ya ɗora yawancin nauyin a kan ƙwarangwal na ƙarfe. Daga nan bango ya fara komawa kamar riga a jikin mutum, aikinsa kare rana da sanyi, ƙashi ne ke ɗaukar kaya. An rushe ginin a 1931.

Da aka sami lifta da ƙwarangwal, sai tsere ya koma Niyu Yok, kuma babu shekarar da ya yi zafi kamar 1929. Masu zanen gini biyu, William Van Alen da H. Craig Severance, sun taɓa yin kamfani tare, suka ɓata, suka rabu baram-baram. Sai ga shi Walter Chrysler mai kamfanin motoci ya ɗauki Van Alen ya zana masa bene, wasu masu banki kuma suka ɗauki Severance ya zana musu nasu a lamba 40 a titin Wall. Kowa na leƙen takardun ɗan'uwansa. Wannan ya ƙara hawa, wancan ya ƙara. Da Severance ya ji cewa na Chrysler zai tsaya a ƙafa 925, sai ya kai nasa 927, wato ƙafa biyu kacal, ya ɗauka magana ta ƙare.

Ashe Van Alen ya yi shiri a ɓoye. Ya sa an ƙera wani dogon tsini na ƙarfe, kamar zankon da maginanmu ke ɗorawa a kan soro amma mai tsawon gaske, aka shigo da shi guntu-guntu, aka harhaɗa a cikin rufin ginin inda ba mai gani. Ranar 23 ga Oktoba, 1929, aka zaro shi ta sama aka kafa cikin kimanin minti 90. Ginin ya koma ƙafa 1,046, wato mita 319, ya wuce na Severance, ya kuma wuce hasumiyar Eiffel ta Faransa wadda ba a taɓa zarcewa ba tun 1889. Washegari, 24 ga wata, kasuwar hannun jari ta Niyu Yok ta fara rugujewa, karayar tattalin arzikin da ta girgiza duniya ta kunno kai.

Shi kuwa gwanin da ya yi wannan dabara bai ji daɗinta ba. Van Alen bai sa hannu a wata yarjejeniya da Chrysler ba kafin ya fara aiki. Da ya nemi ladansa, kashi 6 cikin ɗari na kuɗin ginin, sai aka shiga ja-in-ja har gaban alƙali. Ya ci shari'a, an biya shi, amma daga nan bai sake samun babban aiki ba har ya mutu a 1954. Duk wanda ya taɓa miƙa aikinsa bisa amana kawai ya san irin wannan labari.

Kambun Chrysler ma wata 11 ya yi. John J. Raskob, tsohon jigo a kamfanin General Motors, wato abokan gogayyar Chrysler a kasuwar mota, ya haɗa kai da tsohon gwamnan jihar, Al Smith, suka rushe tsohon otal ɗin Waldorf-Astoria suka fara Empire State ranar 17 ga Maris, 1930. An buɗe shi ranar 1 ga Mayu, 1931, da hawa 102 da tsawon mita 381. A ganina abin mamaki a wannan gini shi ne saurinsa, ba tsawonsa ba. Kwana 410 aka yi. Ƙwarangwal ɗin yana tashi hawa huɗu da rabi a mako. Kowane ƙarfe yana zuwa daga masana'anta da lambarsa, ana sauke shi ana ɗaga shi wurin da aka tanadar masa, don babu filin ajiya a tsakiyar birni. An shimfiɗa ƙananan layin dogo a hawa-hawa don tura bulo da siminti, an buɗe wuraren cin abinci a sama don kada lebura ya ɓata lokacin sauka. A ranar da aiki ya fi cika, ma'aikata sun haura 3,400.

Masu ɗinke ƙarafan huɗu-huɗu suke aiki. Ɗaya yana gasa ƙusa a garwashi har ta yi ja, ya ɗauko ta da awartaki ya wurga. Na biyu ya cafe ta da gwangwani ya zura a rami. Na uku ya tokare ta daga baya. Na huɗu ya dake ta da gudumar iska har kanta ya baje. Duk wannan a kan ƙarfen da faɗinsa bai wuce tafin ƙafa biyu ba, ƙasa kuma tana can nesa. Yawancinsu baƙi ne daga Ayalan da Italiya, tare da 'yan ƙabilar Mohawk, 'yan asalin nahiyar, waɗanda suka shahara da wannan sana'a. Lissafin hukuma ya ce mutum 5 suka mutu. Da aka gama kuwa sai aka rasa 'yan haya, har mutanen gari suka riƙa yi masa ba'a da cewa benen wofi ne, bai fara kawo riba ba sai farkon shekarun 1950. Duk da haka ya riƙe kambu har 1970.

Dalilin wannan dogon tsaiko ba yaƙi da talauci kaɗai ba ne. Saura abokin gaba na uku. Ka kafa doguwar sanda a ƙasa ka tura kanta, za ka ga inda take son karyewa a gindi ne, kuma in ka ninka tsawonta wahalar da gindin ke sha ta fi ninki. Haka iska ke yi wa dogon bene. Bayan wani mataki, ƙarfen da ake zubawa don tare iska yana fin wanda ke ɗaukar nauyin ginin, har lissafi ya daina fita.

Wanda ya warware wannan ƙulli Fazlur Rahman Khan ne, ɗan Bangal da aka haifa a 1929, shekarar da Van Alen ya kafa tsininsa. Ya yi karatu a Dakka, babban birnin Bangaladash na yau, ya tafi Amurka a 1952, cikin shekara uku ya sami digiri na biyu guda biyu da digirin digirgir a Jami'ar Illinois, sannan ya kama aiki da kamfanin Skidmore, Owings da Merrill a Shikago a 1955. Tunaninsa mai sauƙin faɗa ne. Maimakon a cika cikin gini da dazuzzukan ginshiƙai, a tura ƙarfin zuwa fatar waje, a jera ginshiƙan kusa da kusa a ɗaure su tam, ginin ya zama bututu guda. Dubi gora: cikinta rami ne, amma lanƙwasa ta sai da wahala, don ƙarfinta a gefe yake.

Ya gwada a wani benen zama mai hawa 43 a tsakiyar shekarun 1960, sannan shi da abokin aikinsa mai zane, Bruce Graham, suka yi John Hancock mai hawa 100, wanda aka gama a 1969. A nan ya gicciya manyan ƙarafa a jikin bangon waje, kowa na ganinsu daga titi, bai ɓoye su ba. Empire State ya ci ƙarfe kimanin kilo 206 a kowace murabba'in mita ta daɓe. John Hancock kilo 145 ya ci. Wannan bambanci shi ya sa masu kuɗi suka dawo teburi.

Sai benen Sears, da aka gama a 1974, mai mita 442. A nan bututu tara ya ɗaure wuri guda kamar damin kara, uku sau uku. Biyu suka tsaya a hawa na 50, biyu a na 66, uku a na 90, biyu suka zarce ƙoli, saboda haka ginin yana sirancewa yana hawa, iska tana samun ƙaramin wurin duka a inda ta fi ƙarfi. Ya riƙe kambu kusan shekara 25. A 2009 aka sauya masa suna zuwa Willis, sunan wani kamfanin inshora da ya kama haya a ciki.

Alhazanmu da yawa sun zauna a inuwar aikin Khan ba tare da sun san sunansa ba. Rumfar alhazai ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz a Jidda, mai farin rufi kamar tantuna 210 a jere, wadda aka gama a 1981, yana cikin manyan waɗanda suka tsara ta. A Jiddan ma ya rasu, ranar 27 ga Maris, 1982, da ciwon zuciya, yana da shekara 52. An kai shi Shikago aka binne.

Bayansa kambu ya bar Amurka. Tagwayen benayen Petronas na Maleshiya sun karɓe shi a 1998 da mita 452, ko da yake rufin Sears ya fi nasu tsawo. Da tsini suka ci, domin hukumar da ke auna dogayen benaye ta yanke cewa tsinin da ke cikin zanen gini ana lissafa shi, eriya kuwa ba a lissafa ta. Dabarar Van Alen ke nan ta zama doka. Taipei 101 na Taiwan ya karɓa a 2004 da mita 508, shi kuma an rataya masa ƙwallon ƙarfe mai tan 660 a can sama, wanda ke lilo yana rage girgizar iska.

Burj Khalifa, da aka buɗe ranar 4 ga Janairu, 2010, daga ofishin da Khan ya yi aiki ya fito. Adrian Smith ya zana, injiniya William Baker ya tsara ƙashinsa: cibiya ta kankare a tsakiya, da fikafikai uku da ke tokare ta, suna raguwa ɗaya bayan ɗaya don a rikita iska kada ta taru ta yi duka a wuri guda. An tura kankare da famfo har sama da mita 600, yawanci da dare ake zubawa, ana haɗa shi da ƙanƙara saboda zafin Dubai. Leburorin daga Indiya da Pakistan da Bangaladash aka kwaso mafi yawansu, wato yankin da Khan ya fito, kuma a Maris 2006 sun yi bore kan ƙarancin albashi da halin da suke ciki. Burj Dubai aka sa masa tun farko. A ranar buɗewa aka mayar da shi Khalifa, sunan sarkin Abu Dhabi na wancan lokaci, wanda masarautarsa ta ceto Dubai daga bashi 'yan makonni kafin nan. Cikin mita 828 ɗin nan, kimanin 244 na sama ba mai zama a cikinsu.

Waɗanda ke zaune a ƙasa da wannan tsini ma sun isa nesa har tsawo ya taɓa ibadarsu. A azumin 2011 malaman Dubai sun sanar cewa rana tana daɗewa ba ta ɓace wa mazauna sama ba, don haka wanda ke sama da hawa na 80 ya ƙara minti biyu kafin ya sha ruwa, wanda ke hawa na 150 zuwa sama kuma ya ƙara minti uku.