Bindiga da Harsashi a Ƙasar Kano, 1890 zuwa 1903

Malamai da yawa, idan suka zo ba da labarin zuwan Turawa Kano, sukan ce Nasara ya zo da bindiga, mu kuwa muna da baka da kibiya. Wannan magana ba ta cika ba, gama Sarkin Kano Alu yana da 'yan bindiga tun zamanin Basasa, Damagaram kuwa har igwa aka ƙera mata a zamanin Sarki Tanimu. Mutanen kudancin Kano, daga Rano zuwa Durba da Kibiya, waɗanda suka sha fama da harin Ningawa, ba baƙin yaƙi ba ne. Abin da ya kamata a tambaya shi ne wace irin bindiga, kuma me ake ɗura mata.

Yawancin bindigogin ƙasarmu irin na ɗuri ta baki ne. A zuba albarushi, a tura dalma, a danna da sanda, sa'an nan ƙanƙara ta ƙyasta wuta. Kafin a sake ɗuri mahayi ya iso, ga hayaƙi ya rufe ido, in damina ce kuma albarushin ya jiƙe. Amma fa tana da wani amfani guda da ba a cika faɗa ba: maƙeri na iya gyara ta, albarushinta kuma ana iya haɗa shi a gida.

Ta Turawa ta baya ake ɗura mata, da harsashi mai kwanso wanda ya haɗa albarushi da dalma wuri ɗaya. Martini-Henry, wadda sojan Ingila suka karɓa a 1871, harbi ɗaya take yi a sake sa wani. Harsashinta kakkaura ne, faɗinsa inci 0.45, nauyin dalmarsa wajen giram 31, yana da ƙarfin ka da doki, sai dai baƙin albarushi ne, yana hayaƙi, yana kuma dagula cikin bindiga. A 1886 Faransa ta fito da Lebel mai albarushi marar hayaƙi, Ingila ta bi da harsashin .303, wanda nauyinsa bai kai rabin na Martini ba, amma ya fi shi gudu da nisa, soja kuma ya iya ɗaukar mai yawa. Sabon albarushin ya riƙa cinye cikin bindigar Lee-Metford saboda zafinsa, shi ya sa aka sake tsagar cikin a 1895, aka sami Lee-Enfield mai cin harsashi 10. Bindiga mai ruwa, watau Maxim, da wannan harsashi take aiki, tana zuba wajen 500 a minti guda.

A ganina a nan bambancin yake, ba a jikin ƙarfen ba. Sarki yana iya sayen bindigar zamani ta hannun fataken Tarabulus, amma kwanson harsashi ba ya ƙeruwa a maƙera, ranar da ya ƙare bindigar ta zama sanda. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 kuwa ta hana sayar wa mutanen wannan sashe na Afirka bindigogin zamani da harsashinsu, ta bar musu masu ƙanƙara kurum.

Da Kanar Morland ya taso daga Zariya a ƙarshen Janairu 1903, sojansa ba su kai 800 ba, da igwa 4 da bindiga mai ruwa 4. Bebeji, wadda ke yamma da Rano, ita ta fara tare shi, igwa ta fasa ƙofarta. Ran 3 ga Fabrairu aka shiga Kano ta wajen Ƙofar Kabuga, Sarki Alu yana can Sakkwato. A nan igwa ce ta yi aiki. Inda aka ga aikin harsashi tsantsa shi ne Kwatarkwashi, a ƙarshen wannan wata, inda sojan doki da ba su kai 50 ba suka sauka suka tsaya kusurwa huɗu. Barade suka yi ta kawo sukuwa karo bayan karo, ana ka da su. Nan Waziri Ahmadu ya faɗi.