Macijin Tagulla: Yadda Kyautar Allah Ta Zama Gunki

In aka ambaci gunki, hankalinmu yakan koma ga sassaƙaƙƙen itace ko dutsen tsafi. Amma a tarihin Isra'ila akwai wani gunki dabam, wanda Allah da kansa ya umarta a ƙera shi tun da fari.

Labarin ya soma a jeji (Littafin Ƙidaya 21:4-9). Jama'a suka yi wa Allah da Musa gunaguni, sai macizai masu dafi suka faɗa musu, mutane da yawa suka mutu. Da suka tuba, Ubangiji ya ce wa Musa ya yi maciji ya ɗaga shi a kan sanda. Musa ya yi shi da tagulla. Duk wanda aka sara, in ya dube shi, sai ya rayu. Tagulla ba ta da ikon warkarwa. Allah ne ya warkar da waɗanda suka gaskata maganarsa.

Isra'ilawa suka adana macijin nan fiye da shekara 500. A hankali suka soma ƙona masa turare. Ana cikin haka Assuriyawa suka ci Samariya a wajen shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu, kuma Littafi Mai Tsarki ya ce bautar gumaka ce ta jawo wannan. A zamanin nan ne Hezekiya ya hau sarautar Yahuza yana da shekara 25. Ya rushe masujadan kan tuddai, ya kuma farfashe macijin da ake kira Nehushtan (2 Sarakuna 18:4). Ku duba fa, aikin hannun Musa ne, duk da haka Allah ya yaba wa sarkin.

Mu ma muna da namu tarihi. 'Yan mishan na SIM sun iso ƙasar nan a 1893, na SUM kuma suka sauka a Wase a 1904. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Da yawa cikin iyayenmu da kakanninmu da suka karɓi bishara sun rabu da tsafi, sun ƙone layu da guraye, waɗansu har danginsu sun ƙi su saboda haka.

To, yau ina muka tsaya? Akwai gidan da ake sa Littafi Mai Tsarki ƙarƙashin matashi don tsari, ba a kuwa buɗe shi. Wani ya dogara ga kwalbar man shafewa, ko hankici, ko hoton mai wa'azi da ya manna a motarsa. Wata uwa takan sayar da hatsin gida ta sayi ruwan addu'a, yaro kuwa yana kwance da zazzaɓi ba a kai shi asibiti ba. Gaskiya ne Yakubu 5:14 ya yi maganar shafa mai, amma cikin sunan Ubangiji ne, tare da addu'ar dattawan ikkilisiya. Ba a ce a sayar da shi ba.

Ga ma'auni mai sauƙi: in abin nan ya ɓace yau, tsoro zai kama mu kamar an bar mu ba mai tsaro? In haka ne, laya ce ta dawo da sabuwar riga.

Yesu ya bayyana ma'anar macijin a Yohanna 3:14-15: shi ne za a ɗaga, domin mai ba da gaskiya gare shi ya sami rai madawwami. Bari kowane gida ya zauna a daren nan ya binciki abin da yake dogara gare shi. Ubangiji ya ba mu zuciya irin ta Hezekiya. Amin.