Gwandu: Gandun Noma Da Ya Zama Gadon Sarauta

Sunan garin ma ya isa shaida. Masana tarihi sun ce daga "gandu" aka samo Gwandu, domin gonakin Kanta ne, Sarkin Kabi. Ƙauyen manoma ne a cikin kwari, tuddai na kewaye da shi, ba fada, ba ganuwa.

A nan jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka yada zango a 1805, bayan yunwa da yaƙi sun ɗaiɗaita su, suna neman abinci da makiyaya. A shekarar ce ƙanensa, Malam Abdullahi, ya ci Birnin Kabi. Murna ba ta daɗe ba aka yi musu mummunar ɓarna a Alwasa, abokan gaba suka biyo su har bakin gari, da ƙyar aka kore su. Wannan ne ya sa Muhammadu Bello, ɗan Shehu, ya zagaye Gwandu da ganuwa a 1806.

Da Shehu ya raba ragamar daula a 1812, yamma ta faɗo hannun Abdullahi. Ya fara zama a Boɗinga, bayan rasuwar Shehu a 1817 ya tare a Gwandu. Sannu a hankali Yawuri, Nupe, Ilori da Liptako suka zama masu kawo caffa ƙauyen da jiya ake yi wa kallon gona.

Amma abin da ya fi ɗaga Gwandu shi ne alƙalami. Abdullahi ya bar littattafai masu yawa, ciki har da tafsirinsa Liya'ut Tawili, kafin rasuwarsa a 1829. Ko Bature Barth da ya iso a 1853, zamanin Sarki Halilu, a nan ya tarar da kwafin littafin Tarikhus Sudan, ya duƙufa kwanaki yana kwafa da hannunsa.

Bayan zuwan Turawa fada ta koma Birnin Kabi, wato Birnin Kebbi, wadda ta zama babban birnin jiha a 1991. 

Fada ta tashi, amma Abdullahi Mai Gwandu yana nan kwance a hubbarensa, masu ziyara ba sa yankewa. Duk ɗan ƙauyen da ke raina mafarinsa, ya je ya tsaya a wannan ƙofa, ya tuna cewa da fartanya aka fara sanin wurin.