Piazzia: dutse na dubu a sararin samaniya

A daren 1 ga Janairu 1801, wani limamin cocin Katolika mai nazarin taurari, Giuseppe Piazzi, yana duba sama da madubin hangen nesa a birnin Palermo na tsibirin Sisili, sai ya ga wani ɗan haske da babu shi a jerin taurarin da yake da su. Kashegari hasken ya gusa. Da farko ya sanar cewa tauraro mai wutsiya ne, ko da yake zuciyarsa ba ta kwanta da hakan ba.

Ya yi ta bin sawunsa har zuwa 11 ga Fabrairu, rashin lafiya ta kwantar da shi. Kafin labari ya kai ga sauran masana a Turai, abin ya shige cikin hasken rana, ya ɓace.

Nan ne wani saurayi Bajamushe ɗan shekara 24, Carl Friedrich Gauss, ya shigo. Da 'yan alƙaluman da Piazzi ya tara kawai, ya lissafo hanyar da abin yake bi, ya ce a duba wuri kaza. A watan Disamba masanin taurari Franz von Zach ya duba, ya same shi, wani masanin, Heinrich Olbers, shi ma ya gan shi. A ganina, ba don Gauss ba, da wahalar Piazzi ta tashi a banza.

Abin da aka gano shi ne Ceres, mafi girma a cikin duwatsun da ke zagaya rana tsakanin duniyar Mars da Jupiter, faɗinsa kusan kilomita 940. Piazzi ya so ya haɗa masa da sunan sarkinsa Ferdinand, amma masanan sauran ƙasashe suka ƙi, aka cire.

Piazzi ya rasu a 1826. Bayansa aka yi ta gano irin waɗannan duwatsu ana ba su lamba. A 12 ga Agusta 1923, masanin taurari Karl Reinmuth ya gano wani a Heidelberg ta Jamus, wanda ya samu lamba 1000, aka raɗa masa suna Piazzia. Mai lamba 1001 aka kira shi Gaussia, na 1002 kuma Olbersia, wato an jera mutanen kusa da juna kamar yadda aikinsu ya haɗa su.

Piazzia dai bai kai kilomita 50 a faɗi ba, kuma yana ɗaukar fiye da shekara biyar kafin ya zagaye rana sau ɗaya.